Aisi ya ƙone a bod ɗin filasma: in canza shi da kaina ko in haƙura?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema. Ina da talabijin filasma mai inci 42, ta haura shekara 12 a hannuna. Kwanakin baya wani baƙin zane ya fara fitowa a kwance can wajen sama, faɗinsa kamar yatsu biyu zuwa uku. Ya zo ya tafi, ban kula ba. Shekaranjiya muna cikin kallo sai muka ji fat! hoto ya ɗauke. Yanzu in na kunna sai ta yi ƙas, ƙas, ta mutu, 'yar fitilar gaba tana ta ƙiftawa.

Na buɗe bayanta. A gefe akwai siraran bod guda biyu dogaye, aisi (IC, ƙananan kwakwalwar lantarki masu ƙafafu da yawa) jere a kansu, kowanne an zagaye ƙafafunsa da farin gam mai laushi. Na biyu daga sama ya huje, kamar an soka masa allura mai zafi, gam ɗin wajen ya yi baƙi. Ina da ƙarfen liƙi da dalma da mita, na taɓa canza kafasita da soket ɗin caji. Zan iya cire wannan aisin in sa wani a gida?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, yaro, cire filogi, ka kuma cire hannunka daga cikinta. Filasma ba rediyo ba ce. A bod ɗin wuta akwai manyan kafasitoci masu riƙe kusan bolt 400, kuma don ka zare filogi ba shi ne sun sauke nan take ba. Na kan babban bod ɗin da ke maƙwabtaka da wanda ka gani su ma suna ɗauke da wajen bolt 200. Sa mita ka auna. In da saura, ka sauke ta razisto mai jure zafi, na kilo-om kaɗan, ka riƙe shi da abin da ba ya ɗaukar wuta, ka sake aunawa har sai ta koma kusan sifili. Kada ka haɗa ƙafafun da sukundireba. Har yau akwai tabo a babban yatsana, ban so ka samu irinsa.

Mai Bulowa:
Haba Baba, kada ka tsorata shi. Ɗan'uwa, wannan aikin minti biyar ne. Shafa fes, wato man liƙi, sa bulowa mai hura iska mai zafi a digiri 350, ka zagaya kansa, ka ɗaga da hantsaki. Mu da muke cire aisin waya wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, wannan ƙaton har abin tambaya ne?

Injiniya:
Mai Bulowa, cirewar ba ita ce matsalar ba, kuma ko cirewar ma ba kamar ta waya ba ce, zan dawo kanta. Bari ya fara sanin abin da yake kallo.

Malam Sabon Hannu, gilashin filasma cike yake da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna masu iskar niyon da zenon. In aka buga musu wuta mai ƙarfi sai iskar ta ba da hasken da ido ba ya gani, shi kuma ya taɓa sinadarin da aka shafa a ɗakin, ya fito ja ko kore ko shuɗi. Kowane layi na kwance yana da nasa wayar. Siraran bod ɗin nan da ka gani su ake kira bafa, aikinsu zaɓen layukan nan ɗaya bayan ɗaya. In gilashinka mai layi 768 ne kuma kowane aisi yana da mafita 64, za ka ƙirga aisi 12, shida sama shida ƙasa. Kowanne yana riƙe da kashi ɗaya cikin 12 na tsayin hoton. Ka ga baƙin zanen nan mai faɗin yatsu uku? Rabon aisi ɗaya ke nan. Tun lokacin yake gaya maka ba shi da lafiya.

Abin lura shi ne babban bod ɗin da bafa ke maƙale da shi. Samsung na rubuta masa Y-main, LG na cewa Y-SUS, Panasonic kuma SC, bafa ɗin su kira su SU da SD. Duk wutar da wannan bod ke turawa gilashi ta cikin aisin nan take bi. Saboda haka in bafa ta yi shot, wato wuta ta haɗe inda bai kamata ba, takan ja taransistocin babban bod su tafi tare, in babban bod ne ya fara lalacewa shi ma yakan ƙona bafa. Fat ɗin da kuka ji, ina shakkar abu ɗaya ne ya mutu.

Sabon Hannu:
Ikon Allah. Na ƙirga, 12 ne cif. To yaya zan gane sauran?

Malama Mai Mita:
Zare bafa biyun gaba ɗaya daga babban bod, ka zare ribon ɗin, wato faffaɗar wayar nan mai kamar leda da ke shiga gilashi, a hankali. Ka fara ɗaga maƙullin soket ɗin, kada ka ja da ƙarfi, domin ribon ɗin nan a jikin gilashi yake, in ya yage magana ta ƙare. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai.

Juya mita wajen alamar dayod. Ɗora tsinke ɗaya a giraun ɗin bafar, wato layin da wuta ke komawa ta kansa, ka lura giraun ɗinta daban yake, ba ya haɗe da ƙarfen jikin talabijin, za ka same shi a faffaɗan layin tagullar da ke zuwa soket ɗin babban bod. Ɗaya tsinken kuma ka riƙa jan sa a hankali kan ƙafafun soket ɗin ribon, ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyu za su ba ka lamba kusan iri ɗaya, in ka juya tsinkayen su ba ka wata daban, ita ma iri ɗaya. Inda mita ta yi kuka ko lamba ta faɗi ƙasa warwas, yi alama da alƙalami. Ƙafafun suna da yawa, aikin gundura ne, amma kada ka tsallake ko ɗaya. Daga nan ka koma babban bod ka auna taransistocin da ke jikin alminiyon mai shan zafi, da fis ɗin da ke kansa.

Mai Shakka:
Ni dai tambayata ɗaya. Me ya sa za ka wahalar da kanka? Sayi bafa sukutum da babban bod ɗin, ka kwance noti ka ɗaura noti. Ko ma ka bar ta ta huta. Abin da ke shan wuta kamar dutsen guga, ɗaki ya ɗau zafi, nauyi kamar buhun siminti. Masu yin ta ma sun gudu sun bar ta.

Baba Mai Rediyo:
Sun bari, gaskiya ne. Pioneer ta sanar da fita a 2009, Panasonic ta rufe nata a farkon 2014, Samsung da LG suka bi baya kafin shekarar ta ƙare. To amma ka lura da abin da wannan ke nufi ga shawararka. Babu masana'antar da ke buga sabon bod na filasma yau. Duk wanda za ka saya ciro ne daga wata talabijin, sa'ar tasa, ya sha zafi irin wanda nasa ya sha. Ka biya, ka jira, ya zo, bayan wata biyu ya yi maka irin wannan fat ɗin. Ban ce kada a sayi bod ba, ni ma ina saye. Amma wanda ya iya canza aisi, bod ɗaya na ciro zai gyara masa talabijin uku.

Zancen hoto kuma, zauna gaban filasma mai kyau da dare ka kalli fim mai duhu ko ƙwallo, ka koma gefe can ka sake kallo, sa'annan ka zo mu yi magana.

Mai Shakka:
Baba ai ba musu nake ba, lissafi nake. Sabon shiga ne, ƙafa 100 a jikin aisi ɗaya. Ina jiye masa gyaran gangar Auzinawa.

Sabon Hannu:
Na gama awo, ya ɗauke ni dare guda. Malama, Allah ya saka da alheri. Ashe biyu ne. Wanda ya huje, da na ukun da ke ƙarƙashinsa, shi ko ɗigon baƙi babu a jikinsa amma ƙafafu bakwai suna kuka. Bafar ƙasa duk lafiya. A babban bod kuma fis ya yanke, kuma taransisto huɗu da ke jere a alminiyo ɗaya duk suna nuna shot.

Injiniya:
Ka gani ko? Da ka bi ta minti biyar, da sabon aisin bai kai daƙiƙa biyar ba.

Huɗun nan kada ka yanke musu hukunci tukuna. Yawanci a haɗe suke kafaɗa da kafaɗa, in ɗaya ya yi shot duk sai su nuna shot. Cire su ka auna kowanne shi kaɗai. Amma ko ɗaya ne ya mutu, ni ina canza rukunin duka da masu lamba ɗaya, domin sauran sun sha duka. Duba lambar sosai, da yawansu nau'in taransiston da ake kira IGBT ne, irin su 30F124 ko RJP30H1, an yi su ne don bugun wuta mai sauri na filasma, ba kowane taransisto mai kama da su ke zama a gurbinsu ba. Sa'annan ka bi ƙafar da ke ba su umarni baya. Akwai 'yan ƙananan razisto masu om kaɗan, akwai dayod, akwai ƙaramin aisi mai tura su. Idan babba ya fashe wutar takan koma ta nan ta cinye su. Wannan shi ne wajen da mutane ke kashe maciji ba su sare kansa ba.

Sabon Hannu:
Na cire. Biyu sun mutu, biyu suna da rai. Razisto ɗaya ya buɗe. Zan canza duka har da ƙaramin aisin. Yanzu ina zan samo na bafar? Na ga ana tallarsu a intanet, goma a leda, an rubuta sababbi.

Malama Mai Mita:
Wannan kalmar "sababbi" ka riƙe ta da yatsa biyu. Akwai ragowar tsohon kaya na gaske, ban musa ba. Amma akwai waɗanda ake cirowa daga matattun bod, a goge samansu, a shafa baƙin fenti, a buga sabuwar lamba. Na taɓa sayen biyar daga wani mai sayarwa, na ɗiga asiton a auduga na shafa kan ɗaya, audugar ta yi baƙi ƙirin, lambar ta bi ta. Uku daga ciki tun kafin in liƙa su mita ta nuna shot. In sun zo maka, duba ƙafafun da gilashin ƙara girma. Sabo ƙafafunsa a miƙe suke reras, launi ɗaya. Na ciro za ka ga guntun tsohuwar dalma, ko ƙafa ɗaya ta ɗan karkace.

Ni abin da na fi yarda da shi, talabijin irin taka wadda gilashinta ya fashe. Wadda faɗuwa ta kashe, bod ɗinta suna aiki har daƙiƙar ƙarshe. Kuma lambar aisin ta zama daidai harafi da harafi. SN755866 da SN755870 in ka ajiye su gefe da gefe kamar tagwaye ne, amma kada ka cakuɗa su a bod ɗaya.

Mai Bulowa:
To ai kun dawo magana ta. In ciro zai yi, dole bulowa, sau biyu ma.

Baba Mai Rediyo:
Mataccen ba ya bukatar bulowa. Tunda ya mutu, me za ka lallaɓa? Sa reza mai kaifi ka yanke ƙafafun dab da jikinsa, kana dannawa ƙasa a hankali ba ja ba, ka ɗauke gangar jikin, ka share ƙafafun da ƙarfen liƙi. Haka muke yi tun kafin a haifi bulowar taka.

Mai Bulowa:
Baba da girmanka, wannan dabarar zamanin rediyo mai batir shida ce. Reza ta zame ta yanke layi goma, sai ka ce masa me?

Shugaban Zaure:
A yi a hankali don Allah. Mai Bulowa, Baba ya haife ka. A tsaya kan aiki.

Injiniya:
Kowannenku yana da rabin gaskiya. Baba, da yawa daga cikin aisin bafa suna da faranti na ƙarfe a cikinsu, ta ƙasa, wanda aka liƙa da dalma a kan faffaɗar tagulla don ya zubar da zafi. Ko ka yanke ƙafafu 100 ɗin, cikin yana nan manne. In ka ɓanɓare shi da ƙarfi sai ya taho da tagullar. Malam Sabon Hannu, juya bod ɗin ka duba bayan aisin. In ka ga murabba'in tagulla mai ƙananan huji-huji, to akwai farantin.

Mai Bulowa kuma, ga inda ya bambanta da waya. Tagullar nan tana shanye zafi, kana hurawa sama tana kwashewa ƙasa. Sai mutum ya ƙosa ya ƙara wuta, bod ɗin siriri ne dogo, ya lanƙwashe ko ya yi bororo, soket ɗin roba da ke kusa ya narke. Kuma talabijin ɗin da aka yi bayan 2006, lokacin da dokar Turai ta hana dalma mai gubar nan a kayan lantarki, galibi da dalma marar guba aka liƙa su. Ita sai wajen digiri 217 take narkewa, tsohuwar da muka saba da ita mai kuza kashi 63 da gubar kashi 37 kuwa a 183 ta zama ruwa.

Ga yadda nake yi. Na farko, gam ɗin nan sai ya fita tas, da tsinken sakace ko bakin roba, ba allura ba. Bulowa ba ta narka shi, kuma yana tare zafi. Na biyu, in bi ƙafafun duka da tsohuwar dalma mai saurin narkewa don ta gauraya da ta asali. Akwai ma wata ta musamman, irin Chip Quik, da ke narkewa ƙasa da digiri 60 ta daɗe tana ruwa, amma in ka yi amfani da ita sai ka share ta ƙal, in ta saura liƙin ba ya ƙarko. Na uku, in rufe soket da maƙwabta da tef mai jure zafi ko takardar alminiyo. Na huɗu, in ɗumama bod ɗin ta ƙasa zuwa digiri 120 ko 150, sa'annan in kawo bulowa ta sama, iska kaɗan, ina zagayawa. Ba a ɗaga shi. Ana ɗan taɓa kusurwarsa da hantsaki, in ya motsa kamar yana iyo, lokacin ya yi.

Sabon Hannu:
Akwai murabba'in, Injiniya. Na aro bulowa, na kuma samu wata mai fasasshen gilashi, lambar bod ɗin ɗaya. Zan fara gwada hannu a kan mataccen.

Ɗan Kallo:
Ku yi haƙuri in tsoma baki. Tunda ya samu bod mai lamba ɗaya, me ya hana ya ɗaura shi kawai?

Sabon Hannu:
Faɗuwar ta tsaga bafar saman gida biyu, soket biyu sun karye. Aisi huɗu ne suka tsira a kanta, na auna su lafiya. Babban bod ɗin kuma wani ya riga ni cirewa.

Sabon Hannu:
Jama'a, an samu matsala. Na farkon ya fita lafiya. Na biyun na ga gefe uku sun saki, sai na ɗan sa ƙarfi. Ya taho da mazaunin ƙafa uku, ga su nan manne a ƙafafunsa kamar gashi. Wajen ya zama fili, ba tagulla. Shi ke nan na kashe bod ɗin ko?

Mai Shakka:
Ban ce komai ba.

Malama Mai Mita:
Gara da ba ka ce ba. Ƙanena, kwantar da hankalinka, duk wanda ka ga yana wannan aikin ya taɓa ɗaga mazauni, wanda ya ce bai taɓa ba bai yi da yawa ba ne. Sauri ne ya haifi nawa, gefe na huɗun bai gama narkewa ba.

Share wajen da igiyar tagulla mai shan dalma, ka shafa man liƙi sosai, ka riƙa ɗorawa kana ɗagawa, kada ka goga, guga ce ke ƙara ɗaga wasu. Wanke da sifirit. Sa gilashin ƙara girma ka bi kowane mazaunin da ya tashi ka ga inda layinsa ya nufa. In ta gefen mafita ne, kai tsaye yake tafiya soket ɗin ribon. Kankare koren fentin da ke kan ragowar layin da bakin reza, kaɗan, har tagulla ta yi ƙyalli, ka shafa mata dalma. Bayan ka zaunar da sabon aisin sai ka ɗauko siririyar waya mai rufin fenti, irin ta naɗin koyil, kamar milimita 0.1, ka haɗa daga ƙafar zuwa layin, wato ka yi jamfa. Gajeriya iya yadda za ta yiwu, kuma kada ɗaya ta hau kan ɗaya.

Wajen zaunar da shi: duba ɗigon da ke nuna ƙafa ta ɗaya, ka gwada da na maƙwabtansa, duk fuska ɗaya suke kallo. Dalmar farantin tsakiya siririya za ka sa, in ta yi tudu aisin zai zauna a kanta ƙafafu na lilo, ko ta fantsamo ta haɗa ƙafafu ta ƙasa inda ba ka gani. Tsakanin ƙafa da ƙafa rabin milimita ne, don haka daidaita gefe huɗun kafin zafi ya taɓa shi. In tsakiyar ta kama, liƙa kusurwa biyu masu kallon juna, sake dubawa, sa'annan man liƙi da yawa, dalma 'yar kaɗan a bakin ƙarfe, ka ja ta kan ƙafafun a hankali. Inda biyu suka haɗe, igiyar tagulla za ta raba su.

Mai Bulowa:
Nan kam Malama ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: in ka gama, bi ƙafafun da bakin allura ɗaya-ɗaya, kana ɗan turawa gefe. Wadda ba ta kama ba za ta motsa. Ido yana ruɗi, sai ka ga tana ƙyalli alhali a sama take zaune.

Sabon Hannu:
Alhamdu lillahi, biyun sun zauna, jamfa uku sun kama. Na sake bin soket ɗin da mita, babu kuka, lambobin sun yi daidai da na sauran. Gam ɗin fa? Dole ne a mayar? Ina da silikon na liƙin gilashin taga.

Baba Mai Rediyo:
Buɗe shi ka shinshina. In ya bugi hancinka da tsami kamar ruwan kal, mayar da shi inda ka ɗauko. Irin wannan yana fitar da asid yayin da yake bushewa, a hankali ya ci tagulla da ƙafafun. Nemi marar tsamin, wanda aka yi don kayan lantarki.

Kuma dole ne, ba ado ba ne. Ƙafa da ƙafa rabin milimita, tsakaninsu kuwa ana samun bambancin sama da bolt 100 a lokacin da ɗaya ke aiki maƙwabciyarta na jira. Ƙura ta taru, danshi ya sauka, sai wuta ta yi tsalle. Kafin ka shafa, wanke man liƙin nan tas har ƙarƙashin ƙafafu, ka bar shi ya bushe sarai. In ka rufe datti a ciki ka gina masa ɗaki ke nan. Ka ba silikon ɗin kwana guda.

Injiniya:
Kafin ka kunna. Taransistocin da ka canza, ka tabbata ka mayar da man shan zafi, da shimfiɗar da ke raba bayansu da alminiyo in da ma akwai ta. Notin da ke riƙe babban bod ka ɗaura su duka, ka matse. Ba riƙo kaɗai suke yi ba, ta jikinsu wuta mai yawa ke komawa ƙarfen baya, noti ɗaya ya yi sako-sako sai wajen ya riƙa tartsatsi har ya ƙona taransisto. Duba ko akwai baƙi a zagayen hujin noti, in akwai ka goge. Ribon kowanne ya shige miƙe har ƙarshe, karkatacce yana haɗa ƙafa biyu ya kashe aisi nan take. Kuma ko da wasa kada ka zare ko ka soka ribon da wuta a jiki.

A bayan gilashin akwai 'yar takarda da aka rubuta Vs da Va da wasu, wato yawan bolt ɗin da gilashin ke bukata. Wannan awon gilashinka ne shi kaɗai, wata mai irin lambar tana iya bambanta. Da ta tashi ka auna ka gwada da takardar. Hannu ɗaya a aiki, ɗayan a aljihu.

Sabon Hannu:
Ta tashi! Wallahi sai da na ja da baya na rufe ido kafin in danna. Ƙas ɗaya ta yi, hoto ya fito. Takarda ta ce Vs 195, mita ta ce 196. Va 60, na samu 60. Sai dai akwai siririn layi baƙi guda ɗaya a kwance, kamar zare, a yankin aisin da na yi wa jamfa.

Malama Mai Mita:
Layi ɗaya, mafita ɗaya ce ba ta isa gilashi. Kashe, sauke wutar kamar yadda Baba ya ce, sa'annan ka fara da mai sauƙi: zare ribon ɗin yankin, goge bakinsa da sifirit, mayar. In yana nan, to ko jamfa ɗaya ta saki ko ƙafa ɗaya ba ta kama ba. Ka yi gwajin allurar da Mai Bulowa ya ce?

Sabon Hannu:
Gaskiya gefe uku na yi, na huɗun na ga yana ƙyalli na ƙyale.

Mai Bulowa:
Hmm.

Sabon Hannu:
Na ci laifina, Oga. Na ɓare silikon ɗin gefen, ƙafa ta biyar daga kusurwa tana rawa. Ba ma cikin masu jamfar take ba. Na taɓa ta da ƙarfe, na wanke, na sake shafawa, na jira kwana guda. Layin ya tafi. Awa shida tana kunne jiya, na kashe na sauke wuta na taɓa bayan aisi biyun, ɗuminsu ɗaya da na sauran.

Ɗan Kallo:
Barka. To ni tawa layin a tsaye yake, kore, daga sama har tsakiya. Wannan hanyar za ta yi? Kuma wani ya ce min in sa bod ɗin hoto a tanda na minti goma, wai yana gyara babban aisin.

Injiniya:
Layin tsaye wata unguwa ce daban. Yana zuwa ne daga ɓangaren Va, bod ɗin da ke kwance a ƙasa ko sama. Gwada goge ribon da soket, ka duba ribon ɗin da ke tahowa daga bod ɗin sarrafawa. In faffaɗan zane ne akwai fata. Amma siririn layi ɗaya mai launi ɗaya yawanci aisin da ke tura shi ne, shi kuwa a jikin ribon ɗin gilashi aka manne shi da injin masana'anta. Ƙarfen liƙi ba ya zuwa wajen.

Tanda kuma, babban aisin nan ƙafafunsa ƙwallayen dalma ne a ƙarƙashinsa. Zafi yakan sa tsagaggen ƙwallo ya sake taɓawa, ta yi sati ko wata ta koma. A hanya ka dafa kafasitoci, ka narka soket, ka bar hayaƙin da bai kamata ya shiga inda ake gasa abin ci ba. In kuwa ƙaramin mai ƙafa takwas ne, mai ajiye bayanan talabijin, cire shi wasa ne, amma sabo fanko yake zuwa, sai ka samu na'urar rubutu da bayanan da suka dace da lambar taka. Buɗe sabon zare ka turo hoton layin da na takardar bayan gilashi.

Mai Shakka:
Na ƙirga, kwana 19 daga fat zuwa hoto. Malam Sabon Hannu, ka dawo nan bayan wata uku ka faɗa mana gaskiya, ko ta yi ko ba ta yi ba.

Sabon Hannu:
Zan dawo in sha Allahu. Aisi biyu sun rage a tsagaggen bod ɗin, ban cire su ba, na naɗe shi a leda mai hana tartsatsi na ajiye. Baba, fankokin baya biyu sun cika da ƙura, ɗaya ma da ƙyar yake juyawa. In ɗiga masa mai ko in canza shi?

Baba Mai Rediyo:
Share shi da buroshi tukuna, ka riƙe fiffiken kada ya juya. Ɗaga takardar da ke bayansa, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. In ya ci gaba da gurnani, canza shi, kuma ka duba mai waya uku ne ko biyu kafin ka saya.